Lauya Ba Sai Ranar Shari'a Ba



Duk wanda ya saba bin Titin Gidan Zoo a Kano, ko Titin Murtala Muhammad, ko kuwa Titin Ahmadu Bello a Kaduna, in ya ɗaga kai zai ga wasu alluna maƙale a jikin benaye. A ƙasa shagon waya ne ko na magani, a sama kuma ofishin lauyoyi: sunan mai ofis da na abokan aikinsa, wani lokaci da ɗan hoton sikeli a gefe. Yawancinmu mun sha wucewa ta ƙarƙashin allunan nan, ba mu taɓa taka matakalar ba, addu'armu ma ita ce kada Allah ya kawo dalilin takawa. A wurinmu in aka ce wane ya ɗauki lauya, to magana ta lalace ke nan: an kai ga sammaci, zumunci ya yanke, za a yi shekaru ana safa da marwa tsakanin gida da kotu.

Wannan tsoro yana da asali. A zamanin En'e doka ba ta yarda lauya ya tsaya gaban alƙali ba. Mai ƙara ya faɗi nasa da bakinsa, wanda ake ƙara ya faɗi nasa, muhuti na rubutawa. Sai a 1955 Arewa ta samu lauyanta na farko, marigayi Alhaji AbdulGaniyu Folorunsho AbdulRazaq, mutumin Ilori. Shekara guda bayansa Muhammadu Bello na Katsina ya biyo, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Mace ta farko kuwa, Aloma Mariam Mukhtar, sai a tsakiyar shekarun 1960, ita ma ta hau wannan kujera a 2012. Ka ga ashe sana'ar ba ta daɗe a cikinmu ba, akwai tsofaffin da ke raye yau da suka girme ta. Kakanninmu sun san alƙali, sun san mai unguwa da dagaci, sun san malamin da ke raba gado. Lauya kuwa baƙo ne mai baƙar riga da hular gashin doki, yana zuba Turancin da ba a ji, shi ya sa aka yi masa shaidar mai mai da ƙarya gaskiya.

To ni a ganina, aikin da ya fi amfani a ofishin nan ba a kotu ake yinsa ba. A kan tebur ake yinsa, kafin kuɗi su bar hannun mai su.

Bari in ba ku abin da ya faru a gidanmu. Wani ƙanen mahaifina, direban babbar mota, ya yi shekaru yana tari, ya sayi fuloti a bayan gari, irin na awon igiya. Dillali ya kai shi ya nuna masa turaku huɗu. Mai fili ya zo da shaidu biyu, aka yago takarda daga littafin ɗan makaranta aka rubuta cewa wane ya sayar wa wane, aka dangwala yatsa, aka buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa, aka shafa fatiha. Baba ya zuba bulo, gini ya kai linta. Ran nan da safe magina suka tarar da wata mata da 'ya'yanta zaune a kan yashi, da takardar kotu a hannunta. Ashe gonar gado ce da ba a raba ba, wanda ya sayar ɗaya ne cikin magada tara, kuma wannan fulotin dai ya riga ya sayar wa wani kafin Baba. Sai a ranar Baba ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nan, ba ka san wani lauya ba?" Na kai shi. Lauyan ya juya takardar gaba da baya, ya cire tabarau ya ajiye, ya ce, "Baba, da kun zo kafin ku biya, aikin kwana uku ne. Yanzu kam sai abin da Allah ya yi." Shekara huɗu aka yi ana abu ɗaya. Daga ƙarshe wani ɓangare na kuɗin ya dawo kaɗan-kaɗan, ginin kuwa damina ta yi ta cinsa har ya zube.

Mene ne aikin kwana ukun? Tun 1978 da Dokar Amfani da Ƙasa ta fito a zamanin mulkin Janar Obasanjo, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da ni da kai muke riƙewa izinin zama ne da amfani, galibi na shekara 99, shi ne takardar nan da ake kira C of O. Dokar ta ce in za ka sayar ko ka jinginar, sai da amincewar gwamna, cinikin da aka yi babu ita ana iya ɗaukarsa kamar ba a yi ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 1989 a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda jinginar da banki ya karɓa ta rushe saboda rashin wannan amincewa. In banki da lauyoyinsa sun faɗa ramin, ina ga direban mota?

Lauya zai karɓi lambar fayil ya tafi inda ake ajiye bayanan filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Zai duba sunan wa ke kai, ko an jinginar, ko gwamnati ta soke, ko wurin an ware shi don hanya ko makaranta ko maƙabarta. Zai sa safiyo ya auna, a tabbata turakun da dillali ya nuna su ne a cikin taswira. In na gado ne, zai nemi takardar rabo daga kotu ya ga cewa wannan ne kason mai sayarwa, domin a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a gida ko gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya mayar maka da kuɗin da ka biya ya karɓe abin. Bayan nan ya rubuta yarjejeniya ta gaske, a biya kuɗin hatimin gwamnati, a yi rajista da sunanka. Akwai wata gajeriyar hanya da ta yi yawa a biranenmu: sai mai gida ya ba mai saye takardar wakilci, a ce ai ta wadatar. Takardar wakilci sunanta wakilci, ba ita kaɗai ke mai da kai mai gida ba. Sai ka ga gida ya bi hannu biyar, amma a fayil ɗin ma'aikata sunan na farko ne har yau, shi kuwa ya rasu tuntuni. Ranar da jikokinsa suka farga, sai ka ji ana salati.

Ga wata kariya da mutanenmu da yawa ba su san suna da ita ba. Akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba. Duk wanda ya rubuta takarda a madadin mutumin da ba ya karanta harshen da aka yi rubutun da shi, dole ya karanta masa, ya fassara masa, sannan ya rubuta sunansa da adireshinsa a jikin takardar. Saboda haka kada ka dangwala yatsa a kan Turancin da ba a juya maka zuwa Hausa ba, ko da wanda ya miƙo maka takardar ɗan cikinka ne.

Mu bar fili mu shiga kasuwa. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau, dukiyar da ke juyawa a kan kalmar baki kawai, in ka faɗa wa baƙo ba zai yarda ba. Tirela guda ta riɗi ko ta atamfa tana tashi a kan "Allah ya sa albarka." Abin alfahari ne, ban zo rushe shi ba. Sai dai amana a ƙirjin mutum biyu take zaune, kuma dole ɗaya ya riga ɗaya tafiya. Alhaji ya ba yaronsa jari, aka yi shekara 15 ana juyawa, shago ɗaya ya zama uku, sai Alhaji ya faɗi ya rasu. 'Ya'ya suka ce duk na babansu ne, yaro ɗan aiki ne. Yaro ya ce a'a, raba riba muke yi, shago na uku ma da kasona na buɗe shi. Kowa a shirye yake ya dafa Alƙur'ani, kuma wataƙila babu mai niyyar ƙarya a cikinsu, kowa abin da ya fahimta ke nan. Abin mamaki, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Amma ka ce da abokin cinikinka a rubuta, sai ya ɓata rai ya ce, "Au, ba ka yarda da ni ba ke nan?"

Abin da lauya zai yi a nan bai fi shafi biyu ko uku ba: wa ya kawo nawa, riba kaso nawa-nawa, yaushe ake lissafi, in ɗaya ya rasu ko ya so fita yaya za a yi. In kuɗi na ɗaya ne ƙarfi na ɗaya, wato mudaraba, zai tuna muku cewa a Shari'a riba da kaso ake rabawa, ba a yanke wa mai jari wani adadi tsayayye duk wata, hasara kuma ta mai dukiya ce sai in mai juyawa ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Tun da Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 wasu suka biyo baya, irin waɗannan yarjejeniyoyi sun zama aikin yau da kullum a ofisoshin lauyoyinmu.

Haka batun rajista a hukumar CAC. Mutane da yawa ba su bambanta rajistar sunan kasuwanci da rajistar kamfani. In sunan kasuwanci ne, kai ne shi, shi ne kai, in bashi ya hau kansa har gidanka ana iya bi. Kamfani mai iyakantaccen alhaki kuwa doka na kallonsa kamar wani mutum dabam, yana mallakar dukiya da sunansa, kuma ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani, ba sai ya aro sunan matarsa ko ƙanensa don cika ƙa'ida ba kamar da. Su ma kwamitocin masallatai da Islamiyyu da ƙungiyoyin unguwa, akwai rajistar amintattu da aka tanadar musu, don kada filin makaranta ya zauna da sunan shugaban kwamiti, wata rana a wayi gari an sa shi cikin gado.

Tun da maganar gado ta shigo, a nan nake so mata su matso kusa da rediyo. Wani zai ce ina ruwan lauya da gado, ai Allah ya riga ya raba. Gaskiya ne, kuma lauya bai isa ya ƙara ko ya rage ba. Mata da tumuninsu in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, bashi kafin rabo, wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Malami a zaure zai lissafa wannan cikin ɗan lokaci. Wahalar ita ce tattaro abin da za a raba. Kuɗi suna banki, banki ya ce sai takardar izini daga kotu. Fansho yana hannun kamfanin fansho, su ma da nasu takardun. Akwai hannun jari da aka saya tun shekarun baya, takardunsa na cikin wata tsohuwar jaka. In mamacin ma'aikaci ne ya rasu yana bakin aiki, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikata ta yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Gidaje nawa ne suka san da wannan, balle su nema?

Sai rigimar nan da ta raba 'yan'uwa da yawa: sunan da mamaci ya rubuta a fom ɗin banki ko na ofis a matsayin makusancinsa. Wanda aka rubuta sai ya ɗauka kuɗin nasa ne. Ba nasa ba ne. Mutum ne da za a tuntuɓa, dukiya kuwa ta magada ce gaba ɗaya. Haka kyautar baki. Uba ya sha faɗa cewa gidan nan na wance ne, amma shi ke karɓar haya har ya koma ga Allah. A Malikiyya, kyauta ga baligi ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa na raye da lafiyarsa, in ba haka ba ta koma cikin gado. Da uban ya zauna da lauya na awa ɗaya, da an rubuta, an kafa shaidu, an miƙa mukulli, an hutar da 'ya'yansa gaba da juna.

Ofishin lauyan dai shi ne ke tsaya wa matar da ke neman khul'i, ko kuɗin ciyar da yara, ko wadda aka ƙwace mata ɗa da sunan ai ɗa na uba ne, alhali a mazhabarmu riƙon yaro bayan rabuwa uwa ce ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi wani aure ba kuma babu wata illa. 'Yan'uwanmu Kirista da suka yi auren rajista kuwa, Babbar Kotu ce kaɗai ke iya raba shi, dokar gadonsu da ta wasiyya ma dabam ce. A gari irin Kaduna ko Jos ko Sabon Garin Kano, ofishi ɗaya kan karɓi duka biyun a rana guda.

Yanzu mu je inda kowa ya san lauya da shi, wato ranar da aka yi kame. A nan ma jinkiri ne ke cutar da mu. Sai an kwana uku ana bin wane da wane su sa baki, an kashe kuɗi a bayan kanta, yaro ya riga ya sa hannu a bayanin da bai karanta ba, sannan a tuna da lauya. Alhali sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauyansa, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019, ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Ta ce mace na iya tsayawa a ba da beli. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. A nan mu 'yan kasuwa ma da laifinmu, mun mai da caji ofis wurin karɓar bashi. Wanda ka sa aka tsare a kan kuɗin atamfa yana iya zuwa Babbar Kotu neman haƙƙinsa, ka tashi daga mai bin bashi ka koma mai biyan diyya. Hanyar da ta dace ita ce wasiƙar lauya tukuna, sau da yawa ita kaɗai ta isa. In ta ƙi, Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka tun 2019, inda aka tsara a gama magana cikin kwana 60, mutum ma yana iya cike fom ya tsaya da kansa. Lauyan kirki shi zai faɗa maka haka, ya ce wannan ba sai ka biya ni ba.

Sauran ayyukan ba zan tsaya a kansu da yawa ba. Ma'aikacin da aka kora babu haƙƙinsa, ko leburan da inji ya cinye wa hannu a masana'antar Sharaɗa ko Bompai, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Mai gidan haya da ke ganin zai cire rufin kwano don ɗan haya ya tashi, gara ya ji daga bakin lauya cewa ɗan hayar shekara notis ɗin wata shida ake ba shi in ba a yi wani sharaɗi dabam ba, kuma kotu ce ke fitarwa. Mai yajin da ya yi suna ko mai turaren da ake kwaikwayon kwalbarsa, rajistar tambari na ba shi kariyar shekara 7, a sabunta ta duk shekara 14. Marubuci da mawaƙi da mai shirya fim, a rubuta tun farko wa ke da haƙƙin ɗorawa a YouTube. Shari'ar zaɓe kuwa Kanawa sun haddace ta, tun daga kotun sauraren ƙararrakin zaɓe a 2023 har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na 12 ga Janairun 2024.

Wanda ke kai kaya Maraɗi ko Damagaram ko Injamena, shi ma ya sani da ya ƙetare iyaka ya shiga wata doka. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin OHADA, ƙasashe 17 da suka haɗa dokokin kasuwancinsu tun yarjejeniyar 1993, babbar kotunsu tana Abidjan. Harshe ɗaya muke yi da abokin cinikin, wataƙila ma surukai ne, amma in rigima ta tashi, kotun wace ƙasa za a je? Layi ɗaya a cikin yarjejeniya ya isa ya amsa wannan, kuma ofishin da ya san aikinsa yana da abokin hulɗa a can da zai tsaya maka.

Akwai abin da ke kashe gaskiya a kotu fiye da ƙarya, shi ne lokaci. Ƙarar zaɓe kwana 21 ce bayan sanar da sakamako, ka ƙara ɗaya ta mutu. Ɗaukaka ƙara daga hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu a shari'ar da ba ta laifi ba, wata uku ne, bayan nan sai ka roƙi alfarma da hujja. Ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya yi a bakin aikinsa, a mafi yawan lokuta wata uku ne ita ma. Ko a kotun Musulunci akwai hauzi: ka zuba ido baƙo yana noma gonarka ko yana gini a filinka shekara 10, kana gari, ba abin da ya hana ka magana, to da wuya a saurare ka. Mu kuwa da "bari a gama azumi" da "bari Yaya ya dawo daga tafiya" sai wa'adi ya wuce.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya hau benen nan kotu zai ƙare. Rabin aikin lauyan da ya san ciwon kansa sulhu ne. Kano na da cibiyar sulhu ta kotu tun 2009, inda ake zama a sasanta, alƙali ya sa hannu, yarjejeniyar ta zama kamar hukunci. A 2023 ma an yi sabuwar dokar tarayya kan sasanci da shiga tsakani. Sulhu dai namu ne tun kaka da kakanni, bambancin kawai wannan a rubuce yake, ba mai tashi gobe ya ce ba haka aka yi ba.

Wani zai ce, in da hali ai gara a ɗauko babban lauya mai lambar SAN daga Legas ko Abuja. Akwai shari'ar da ke bukatar haka. Amma a harkokin da na lissafa, na gida ya fi. Ya yi karatu a Kongo ta Zariya ko a Jami'ar Bayero, wataƙila ya wuce ta makarantar lauyoyi ta Bagauda, ya san dokar boko, ya san Risala da Tuhfa, ya san inda biyun suke haɗuwa da inda suke rabuwa. Da safe yana gaban majistare a Nomansland, da hantsi yana Babbar Kotu a Sakatariyar Audu Bako, gobe yana kotun Musulunci yana magana da Hausa. Ya san ma'anar awon igiya da kuɗin kafin alƙalami, ya san cewa wata rigimar in aka kira kawun yaran aka zauna ta mutu.

Sai dai ku ma lauyoyi, ranku ya daɗe, ku saurara. Wani ɓangare na gudun da ake yi muku, ku kuka jawo. Mutum ya biya kuɗi, ranar zama ya iske ba ku zo ba, an turo yaro ya roƙi a ɗage. Ya kira waya ba a ɗauka. An miƙa masa takarda shafi 20 da Turanci an nuna masa inda zai sa hannu. Ba a faɗa masa kuɗin aiki a dunƙule ba, sai yau na fayil, gobe na mota, jibi na masinja. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Wasu kuma sun san shari'ar ba ta da ƙafa, amma ba za su faɗa ba saboda kada ciniki ya wuce. Mafi muni shi ne wanda zai rage murya ya ce, "Alƙalin namu ne, a kawo wani abu." Mai sauraro, ka ji wannan, ɗauki fayil ɗinka ka sauko.

Kana da haƙƙin ka nemi a rubuta maka kuɗin aiki da abin da ya ƙunsa, a ba ka rasit, a ba ka kwafin duk takardar da aka shigar da sunanka. Sirrinka amana ne a wuyansa, doka ta hana shi fallasawa. Kuɗinka da ya karɓo maka ba ya halatta ya cakuɗa su da nasa. Duba takardar da ya rubuta maka, ya kamata ka ga hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya mai ɗauke da sunansa da lambarsa, don akwai masu yawo a harabar kotu da baƙar kwat waɗanda ba su taɓa shiga ajin lauya ba. Sunan mutum za ka nema, ba sunan ofis kawai ba, domin tun 2007 a shari'ar Okafor da Nweke Kotun Ƙoli ta ce takardar kotun da aka sa wa hannu da sunan ofis maimakon sunan lauya ba ta da inganci, kuma shari'o'i sun rushe a kan wannan. In lauya ya ci amanarka, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, yana iya dakatar da shi ko ya soke sunansa gaba ɗaya. Wanda ba shi da ko sisi kuma, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976, tana da ofisoshi a jihohi, ga kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ke tsaya wa mata da yara.

Kafin mu rabu, ga ɗan aiki na ba ka, mai sauraro. Takardar fili ko ta gidan nan da ke ƙarƙashin katifa ko cikin akwatin ƙarfe, ciro ta yau ka duba sunan wa ke jiki. In ba naka ba ne, ko ba ka iya karanta abin da ta ƙunsa ba, saka ta a leda, ranar aiki ta farko ka hau matakalar nan ka nuna ta, tun wanda ya sayar maka da shaidunsa suna raye.